Mutum miliyan 4 a daula mai girman Faransa: ya yi yawa ko ya yi kaɗan?

"Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta littafin almara ne, irin na yaƙi da tsafi da dodanni, duniyar labarin ni na ƙirƙire ta amma na ɗora ta a kan yanayin Turai ta da, zamanin barade masu sulke da gidajen sarauta na dutse da noman alkama da dusar ƙanƙara. Daular da labarin ke ciki tsawonta kilomita 900, faɗinta 600, mutanenta miliyan 4. Babban birni yana da mutum 800,000, akwai wasu birane huɗu kowanne 100,000, sarki kuma yana da runduna ta mutum 300,000. Sannan akwai inda jarumar ta yi kwana bakwai a kan doki bata ga ko ƙauye ɗaya ba. Ƙawata da ta karanta ta ce miliyan 4 ya yi yawa a wancan zamanin. Don Allah ya yi yawa ne ko ya yi kaɗan?"

Wa alaikumus salam Malama. In na fahimce ki, tambayarki ita ce ko ƙasa mai wannan girman za ta iya ɗaukar wannan adadin a zamanin da ba taki na zamani, ba tarakta, ba mota. To ki gaya wa ƙawarki ta kwantar da hankalinta, miliyan 4 bai yi yawa ba ko kaɗan, in ma akwai magana to kaɗan ya yi. Inda gizo ke saƙar ba a nan yake ba, yana cikin birninki da rundunarki ne, amma bari mu bi a hankali.

Kilomita 900 sau 600 ya ba mu murabba'in kilomita 540,000, kusan girman Faransa ta yau kenan, ko ki ce rabin Najeriya da ɗan ɗoriya. Ki raba miliyan 4 da wannan, kowane murabba'in kilomita zai samu mutum 7 da 'yan kai. Riƙe wannan bakwai ɗin, da shi za mu yi ta awo.

Abin da aka sani game da Turai ta wancan lokacin

Ba a yi ƙidaya irin tamu ta gida-gida ba a lokacin, abin da ya rage mana takardun haraji ne, don sarki bai damu da yawan jarirai ba, ya damu da wanda zai biya. A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka bi ƙasar aka rubuta wa ke da wace gona, garma nawa, talakawa nawa, shi ne kundin da ake kira Domesday. Daga shi masu tarihi suke ƙiyasta mutanen Ingila tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙasa mai murabba'in kilomita 130,000, wato mutum 12 zuwa 15 a kowanne. Kin ga ko Ingila ta 1086, wadda ba wata ƙasa mai cunkoso ba ce a lokacin, ta kusa ninka daularki a cunkoso. Zuwa 1300 sun kai wajen miliyan 5, wasu su ce 4 da rabi wasu su kai 6, wato 35 zuwa 45 a murabba'in kilomita.

Faransa kuma a 1328 aka yi lissafin murhu, kamar yadda mu za mu ce masu ci tukunya ɗaya, aka samu murhu kusan miliyan biyu da rabi a yankunan da aka ƙirga, daga nan ake fitar da cewa masarautar tana da mutum miliyan 16 zuwa 17, in aka auna da iyakar Faransa ta yau ma ya doshi miliyan 20. Wannan fa ita ce ƙasar da ta yi daidai da taki a girma. Ta ninka ki huɗu ko biyar.

Amma kar ki ɗauka lambar tsayayya ce. An yi muguwar yunwa daga 1315 zuwa 1317 saboda ruwa ya yi yawa hatsi ya ruɓe a gona, sannan annobar ɗa'uni ta 1347 zuwa 1351 ta kwashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Turai. Harajin kai da aka karɓa a Ingila a 1377 ya nuna mutane sun dawo wajen miliyan biyu da rabi. A ɗaya gefen kuma ga irin su Ayislan, tsibiri mai murabba'in kilomita 103,000 amma mutanensa ba su wuce 50,000 ko makamancin haka ba, ko mutum ɗaya bai kai ba a murabba'in kilomita. Saboda haka in aka ce "tsakiyar zamani" ba lamba ɗaya ba ce, daga ƙasa da 1 har 40 da wani abu duk akwai, bakwai ɗinki yana ciki daram. Sai dai yana gefen ƙasashe masu daji da fadama da duwatsu da sanyi, ba gefen ƙasashe masu manyan birane ba.

Me ya sa aka tsaya a wajen 40

Nan ne nake so ki daɗe, don in kika gane wannan ba sai kin sake tambayar kowa ba. Mu da muka saba da gero da dawa akwai abin da bama lura da shi, gero tiya biyu ta isa ta shuka hekta guda, kuma in damina ta yi kyau ka ɗebo buhunhuna, irin da ka zuba ko lissafinsa ba ka yi. Alkamar Turawan da ba haka take ba. Yafa ta suke yi da hannu, iri yana tafiya da yawa, kuma takardun gonakin Ingila na ƙarni na 13 da 14 sun nuna in ka zuba buhu ɗaya buhu uku zuwa huɗu kake samu. Huɗu fa. A cikin huɗun nan sai ka ware ɗaya na irin baɗi kafin ka ci ko ƙwaya. Ga shi kuma taki bai isa ba, dole kowace shekara a bar kashi ɗaya cikin uku na gona saura ta huta, a wasu wuraren ma rabi.

Ga lissafin da nake yi a bayan takarda, nawa ne ba na wani littafi ba, kuma na zagaye lambobin don sauƙi. Hekta ta ba da kilo 700, cire iri ya rage wajen 500, cire hutun gona ya koma 350 a kowace hektar da ake da ita. Mutum ɗaya, in an haɗa yaro da babba, yana buƙatar kilo 200 zuwa 250 na hatsi a shekara. Ga ɓera da ƙwari a rumbu, ga abin da dawakai za su ci, ga wanda ake dafawa a yi giya don su abin shansu kenan na kullum. Sai ki ga hekta ɗaya da ƙyar take riƙe mutum ɗaya da rabi. Murabba'in kilomita hekta 100 ne, amma ba duka ake nomawa ba, dole a bar makiyaya don shanun huɗa, a bar ciyawar da za a yanka a ajiye musu saboda hunturu, a bar daji don itacen girki da na jin ɗumi da na gini. In aka noma kashi 30 cikin 100 an samu mutum 40 zuwa 45. Shi ya sa da Ingila da Faransa suka kai nan wajen 1300 sai abin ya fara cijewa, ana noma har kan tudu da ƙasar da bata da kirki, damina ɗaya ta ɓaci sai yunwa.

In kika canza abincin kuwa lissafin ya canza gaba ɗaya. Shinkafar fadama da ake dasawa tana riƙe ninkin-ba-ninkin abin da alkama ke riƙewa. A 1012 sarkin Sin na daular Song ya sa aka raba irin shinkafar ƙasar Champa, a Biyetnam ta yau, mai saurin nuna, kuma wajen 1100 mutanen Sin sun kai miliyan 100. Masar ma haka, Nilu yana kawo ruwa da sabuwar ƙasa duk shekara, gona bata buƙatar hutu.

Wa ke ciyar da mutum 800,000?

Yanzu mu zo inda labarinki ya karkace. Ki haɗa biranenki biyar, mutum miliyan 1.2 kenan cikin miliyan 4, kashi 30 cikin 100. Saura miliyan 2.8 a ƙauye. Ma'ana kowane mutum biyu da ɗan wani abu a ƙauye, har da jarirai da tsofaffi, su ne za su ciyar da kansu su kuma ciyar da ɗan birni guda. A Turai ta wancan lokacin kuwa a dunƙule mutum tara ne a karkara ke ɗauke da ɗaya a gari, kuma garin da ake nufi har da 'yan ƙananan garuruwan kasuwa masu mutum dubu biyu uku. Wuraren da suka zarce haka sosai su ne Filandas, a yankin Beljiyam ta yau, da arewacin Italiya, su kuma saƙa da fatauci suka riƙe su, hatsi sayo shi suke yi daga waje a jirgin ruwa.

Paris a 1328, birni mafi girma a yammacin Turai ta Kirista, wajen mutum 200,000 ne, a kan masarauta mai miliyan 16 zuwa 17, kashi ɗaya da ɗan kai cikin 100. Landan a 1300 wajen 80,000 a kan miliyan 5, bai kai kashi biyu ba. Fulorans da Benis da Milan na Italiya kowanne wajen 100,000 ko sama kaɗan. Naki babban birnin kashi 20 ne na duk daular, ya ninka Paris huɗu a ƙasar da mutanenta ba su wuce rubu'in na Faransa ba. In muka bi awon Paris da Landan, miliyan 4 ɗinki birni mai 40,000 zuwa 80,000 za su iya ɗauka, shi kuma mai 800,000 yana neman daula mai miliyan 40 ko fiye a bayansa.

Ni duk marubucin da ya kawo mini taswira, don na daɗe ina koyar da labarin ƙasa kuma 'yan'uwa marubuta kan turo mini in duba musu, abu na farko da nake sa shi ya yi shi ne ya tsaya a ƙofar gari da asuba ya ƙirga abin da ke shigowa. Mutum 800,000 sau kilo 200 tan 160,000 ne a shekara, wajen tan 440 kullum ta Allah, buhu mai kilo 100 guda 4,400, ko ki ce tirela 15 a rana. Ba tirela a duniyarki, amalanken shanu ne mai ɗaukar rabin tan, to amalanke kusan 900 kullum, Juma'a da sallah da ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya, kuma wannan hatsi ne kawai, ban sa itace ba wanda a ƙasar sanyi nauyinsa ya fi na hatsin, ban sa nama da gishiri da ciyawar dawaki ba. Shanun nan kuma kilomita 15 zuwa 20 suke yi a wuni kuma su ma ci suke yi, in tafiya ta yi nisa kuɗin dako ya cinye kuɗin kayan. Wani masanin shari'a na Ingila a ƙarni na 13, Bracton, ya ce tsakanin kasuwa da kasuwa kar ya gaza mil shida da kashi biyu cikin uku, wajen kilomita 11, hujjarsa ita ce mutum ya je da safe ya yi ciniki ya dawo gida kafin dare. Iyakar duniyar manomi kenan.

Shi ya sa duk wani ƙaton birni na da in kika duba za ki ga ruwa a gindinsa. Rum ta kai wajen mutum miliyan ɗaya ne saboda jiragen alkama daga Masar da arewacin Afirka, da daular ta rushe jiragen suka daina zuwa sai birnin ya koma 'yan dubbai goma-goma suna kiwo a tsakanin kangaye. Bagadaza tana kan Dijla da magudanan da suka haɗa ta da Furatu, Alƙahira tana kan Nilu, Kaifeng ta Sin tana kan hanyar ruwa da aka haƙa musamman don dakon shinkafa daga kudu. Paris tana kan kogin Sen, Landan kan kogin Tems. Ki duba taswirarki, in babban birnin yana kan tsauni ne don ya yi kyau a bangon littafi, to akwai aiki.

Akwai misali a gida ma da zai taimaka miki ki ji abin a jikinki. Da Barth, Bajamushen matafiyi mai bincike, ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, ya ce lokacin da fatake suka cika ta kan kai 60,000. Kano fa, cibiyar kasuwancin ƙasar Hausa, kuma kewaye take da karkara mai cike da mutane inda jakai ke fita da taki daga birni su dawo da hatsi da itace. In Kano ta wancan lokacin 30,000 ce, kin ga 800,000 ba ƙaramar magana ba ce.

Rundunar

Wannan ba zan ja shi ba. A mutum miliyan 4 mazan da za su iya ɗaukar makami ba za su wuce miliyan ɗaya ba, 300,000 kusan ɗaya cikin uku kenan, wa zai yi girbi? Yaƙin Hastings na 1066 da ya canza sarautar Ingila, kowane ɓangare wajen 7,000 zuwa 8,000 ne. A yaƙin Agincourt da Faransa a 1415 Ingilishi ba su kai 10,000 ba. Runduna mafi girma da sarakunan Ingila suka tara a zamanin, irin ta Edward na Ɗaya a yaƙin Falkirk a 1298 da ta Edward na Uku da ta yi wa birnin Calais ƙawanya a 1347, wajen 30,000 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 na jama'a. Masu karya wannan ƙa'idar makiyaya ne irin Mongol, inda kowane namiji mahayi ne kuma abincinsu da ƙafarsa yake bin su, amma ke manoma alkama kika ce. Ki ba sarkinki 25,000 zuwa 40,000 a babban gangami. In kuma kina son 300,000 ɗin don daɗin baki, ki sa ta a bakin maroƙa da masu kai rahoto cikin firgici, marubutan tarihin wancan zamanin ma haka suka dinga zuga lamba, sai wani tsohon barde a gefe ya yi tsaki ya faɗi ta gaskiya. Ni a ganina hakan ma ya fi armashi.

Kwana bakwai ba ƙauye

Doki in ana lallaɓa shi kilomita 40 a rana, kwana bakwai wajen 280 kenan. Kundin Domesday ya ambaci wurare sama da 13,000 a Ingila, in kika raba za ki ga kusan duk kilomita uku akwai ƙauye, mutum na tsaye a wannan yana jiyo ƙararrawar cocin wancan. Ko a bakwai ɗinki, in kika baza mutane daidai-wa-daida a ƙauyuka masu mutum 200, duk kilomita biyar ko shida jarumarki za ta ci karo da rijiya da karnuka. To amma mutane ba sa bazuwa daidai, kuma nan ne mafitarki take. Ki dubi Nijar, in aka raba jama'a da faɗin ƙasa sai a ce ba kowa, alhali daga Maraɗi zuwa Damagaram ƙauye na bin ƙauye, arewa kuma sai ka wuni ba ka ga mutum ba. Matsakaicin lamba yaudara ce a irin wannan ƙasa.

Abin da na lura shi ne abu biyu kike so lokaci guda, dajin da ba kowa don jaruma ta sha wuya, da birni mai cika ido don fada ta yi kwarjini. Ana iya samun duka, amma sai kin zaɓi hanya.

Mafi sauƙi ki bar miliyan 4 yadda yake, ki tattara su a kwarin kogi ɗaya ko biyu mai faɗin murabba'in kilomita 100,000 zuwa 120,000, nan ciki za a samu 33 zuwa 40 kamar Faransa, sauran kashi huɗu cikin biyar na ƙasar ya zama dajin dodanninki. Babban birni ya dawo 60,000 zuwa 80,000 a bakin kogin, sauran huɗun 10,000 zuwa 20,000. Kar ki ji kamar na rage miki daraja, ga ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin mutum 500 a wuri ɗaya ba birni mai 70,000 duniya ce guda. Wannan nake ba ki shawara, don dodannin ma sun ba ki dalilin da ya sa ba a sare dajin an noma ba, wanda in babu su mai karatu mai wayo zai tambaya.

Ko kuma ki ɗaga jama'ar zuwa miliyan 16 ko 18, birni ya zama 200,000, amma fa kin rasa dajin, sai dai ki tura tafiyar kwana bakwai ɗin can bakin iyaka.

In kuwa kin ƙi sakin 800,000, to dole birnin ya zama yana cin guminsa daga wajen daular, tashar jiragen ruwa, ƙasashen da aka ci da yaƙi suna aiko da hatsi a matsayin gandu, rumbunan sarki, da jami'in da ba ya barci in iska ta hana jirage shigowa. Kuma kin samu makamin labari a kyauta, duk abokin gabar da ya tare mashigar ruwan ya ci birnin ba tare da ya zare takobi ba.

Akwai wata hanyar da nake so ƙwarai, wato birnin an gina shi ne don mutane masu yawa amma annoba ta wuce ta kansa. Fulorans ta gama sabuwar ganuwarta a 1333 tana da mutum sama da 100,000, bayan annoba lissafin harajin 1427 ya samu ƙasa da 40,000, kuma sai a ƙarni na 19 gidaje suka cike cikin ganuwar nan. Ƙofofi manya, unguwanni kango, gonaki da lambuna a cikin gari, tsofaffi suna ba da labarin lokacin da kasuwa ke cika. Da wannan miliyan 4 ɗinki ya zama ragowar miliyan 8 ko 10, ƙauyukan da jarumarki bata gani ba kuma ta gan su, sai dai ba kowa a ciki.

Sai maganar tsafi. Tunda duniyarki ce kina da ikon ki ce bokayen fada suna saukar da ruwa ko suna ninka amfanin gona, ba wanda zai kai ki ƙara. Iyaka ki bi abin har ƙarshensa, in tsafi na ninka hatsi to jama'a za su ƙaru ne su wuce miliyan 4 cikin 'yan zuriya, kuma wanda ke riƙe da wannan asirin ya fi sarki ƙarfi, sai ki shirya amsar me ya sa ba shi ke kan gado ba.

Duk lambobin da na kawo na yawan jama'a ƙiyasi ne, da yawansu daga takardun haraji, mutane kuma tun fil azal suna ɓuya daga mai karɓar haraji, shi ya sa kika ga ina cewa "wajen" ina ba da tazara, masu tarihi kansu suna saɓawa da miliyan guda a kan Ingila ta 1300. Awon nan yana kama kuskuren ninki biyar ko goma ne, irin na birninki da rundunarki, ba zai raba miki gardama tsakanin 30 da 35 ba. Kuma ban ga taswirarki ba. In za ki sake turowa ki nuna mini inda koguna suke, ina ne tsaunuka, wata nawa ake sanyi, sannan babban birnin kwana nawa ne daga teku a jirgin ruwa.